Mijin da Na Roƙa Ba Shi Ne Saurayina Ba

'Yan uwa masu karatu, kafin ku fara zagina a ƙasan wannan rubutu, ku bari ku ji daga bakina, don labarin ya riga ya zaga unguwarmu ta bakin matan da ke jiran motar shara da yamma, kuma sun zuba masa gishiri har ya yi yawa. Sunana Wan-ru. Ina aiki a shagon shayi mai ƙanƙara a nan birnin Tainan, ina zaune da Mama da kakata ta wajen uba, wadda muke kira Ama. Kuma ina da saurayi, sunansa Yao-ting. Ku riƙe wannan da kyau, don akwai safiyar da ni kaina na manta.

Yao-ting mai gwada ido ne a shagon tabarau na kawunsa. Irin mutumin nan ne da idan ya yi karo da kujera zai ce mata ta yi haƙuri. Kullum riga ruwan toka mai gajeren hannu, biro a aljihu, takalmi a goge. Shekara biyu muna tare bai taɓa ɗaga min murya ba. Komai za mu yi sai ya tambaye ni yadda yake tambayar masu gwada gilashi: "Wannan ya fi miki, ko wannan?" Miyar kifi ko taliya? Kujerar gaba ko ta baya? Ina sonsa, na rantse ina sonsa. Amma akwai ranar da mace take so a ce mata kawai, tashi mu tafi.

Mahaifiyarsa ta duba littafin ranaku ta tsayar da ranar baiko kafin watan fatalwa ya kama, tunda in ya kama babu baiko babu aure sai ya wuce. Har an je an ɗanɗana kek ɗin da za a raba wa dangi. Abu ɗaya ya rage. Ama ta ce sai mun je haikalin bayan kasuwa mun gaida Tsohon Wata, gunkin nan mai ɗaure ma'aurata da jan zare, mun sanar da shi.

A satin ne wata abokiyar aikina ta turo min wani ɗan gajeren littafin soyayya a waya. Labarin Severo ne, ubangidan 'yan mafiya, wato manyan 'yan daba, a wani garin bakin teku a Italiya. Dogo, baƙar kwat, tabo daga gira har kunci, ba ya dariya. Ya ga yarinya tana sayar da fure, bai ce mata wannan ko wannan ba, ya saye shagon da titin gaba ɗaya. Wani ya kalle ta a wurin biki, washegari aka nemi mutumin aka rasa. Na san shirme ne. Ina karantawa ina cewa wannan ai ɗaurin rai da rai ya dace da shi, ina kuma juya shafi. Na ƙarasa babin ƙarshe a kan bencin ƙofar haikali, Ama tana sayen alewa da turaren tsinke, ni ina sharar hawaye da bayan hannu, don an harbe shi a kafaɗa ya ce wa yarinyar kar ta kalla.

Ama ta zuba alewar a faranti, don bakin Tsohon ya yi zaƙi in zai yi maganata. Ta miƙo min turare ta ce, "Faɗi sunanki da ranar haihuwarki da lambar gida. Sannan ki siffanta mijin dalla-dalla. Ki ɗaga murya, tsoho ne, kunnensa kamar nawa."

Na durƙusa cikin farar rigata mai ɗigon shuɗi, na faɗi sunana, na faɗi lambar gida. Da na zo kan miji, kaina yana can Italiya. Na ji bakina yana cewa, "Dogo. Mai tabo a fuska. Ba ya dariya sai in ni ce. Maza suna miƙewa in ya shigo. Ba ya tambayata me nake so, ya riga ya sani. Ba ya tsoron kowa a ƙasa ko a sama."

Sai da na kai ƙarshe na tuna Ama tana bayana tana ji. Ta ɗora min katakon tambaya a hannu, jajayen nan guda biyu masu siffar yankan lemo. In ɗaya ya faɗi a kife ɗaya a buɗe, Tsohon ya yarda. In duka suka kife, ya ƙi. In duka suka buɗe, dariya yake miki. A raina na ce, yi dariya mana, Baba Tsoho, kai ma ka san wasa nake. Na jefa, ya yarda. Na sake, ya yarda. Na uku ma ya yarda, har Baba Liao mai kula da haikalin ya leƙo daga kan kujerarsa ya ce rabon da ya ga Tsohon ya amsa da sauri haka an jima.

A hanyar gida Ama ta ce, "Wane ne shi?"

"Ba kowa ba ne, Ama. Mutumin littafi ne."

"Ba ni littafin."

Abin haushin, da sabon tabaran da Yao-ting ya yi mata kyauta ta karanta shi. Na ƙara mata girman rubutu, ta zauna a kujerar gora gaban fanka, ta miƙe ƙafa a kan kwandon wanki. Ko shirin talabijin ɗinta ba ta kunna ba. Daga kicin nake jiyo ta tana yi wa mutanen littafin faɗa.

"Ke yarinya, sa silifa mana. Ƙasan dutse, ba takalmi, sanyi zai shiga mararki."

Can kuma, "Wannan farar riga ta nawa ke nan da ya ɓata da jini? Wa ke masa wanki? Ba a faɗa ba."

Da ta zo inda Severo ya sumbaci hannun kakarsa ya ce maganarta ce doka a gidan, sai ta cire tabarau ta goge ido. Ta ce, "Yaron yana da tarbiyya. Sana'ar ce kawai."

Mama ta karɓi wayar don ta ga abin da ya hana surukarta cin abinci, ita ma shinkafarta ta ƙone. Kafin sati ya zagayo littafin ya shiga wayar duk matan layinmu. Motar shara tana tafe da kiɗan da take sanar da zuwanta, su suna tsaye da leda a hannu suna gardama ko ya kamata yarinyar ta yafe masa maganar ɗan uwanta da ya jefa a teku.

Ranar Lahadi Ama ta tara mu a gaban teburin da muke kunna wa kakanni turare, ta sa rigarta mai fure ta zuwa biki, ta ce ba za ta karɓi shayin baiko daga hannun kowa ba.

Mama ta ce, "Haba Ama, an fa zaɓi kek."

"A zaɓi kek ɗin. An roƙi mutum, an ba da shi, sau uku. Yana hanya."

Na ce, "Ama, babu shi a duniya. Wata ce ta zauna ta ƙirƙire shi."

"Tsohon Wata bai san da haka ba ne ya ce e? Ke kin fi shi sani?" Ta nuna ni da maficinta. "In na ba wa yaron tabarau ke, wancan ya iso daga baya ya tarar da ke a gidan wani, me zai faru? Kin karanta. Kin ga abin da yake wa mazan mutane. Ina son Yao-ting, shi ya sa ba zan sa shi a teku ba."

Na kalli Mama ko za ta cece ni. Ta sunkuyar da kai ta ce a hankali, "Gaskiya Yao-ting bai iya ruwa ba."

Ban gaya masa ba. Na yi ta cewa gobe. Ashe ƙanwar mahaifiyarsa a layin bayanmu take zubar da shara. Ina cikin haɗa wa wani shayi wayata ta yi ƙara, Yao-ting ne.

"Wan-ru, wai gaskiya ne akwai wani Severo?"

"Littafi ne kawai. Zan maka bayani."

"Turo min."

"Ba irin naka ba ne."

"Na ji. Turo min."

Na tura. Sai washegari saƙonsa ya shigo: "Na gama. Akwai wuraren da ban gane ba. Ya sayi titi, amma ba a ce ya biya haraji ba." Jim kaɗan wani ya biyo: "Zan zo gaida Ama ranar Laraba. Kar ki fito tarona."

Ranar Laraba ana zafin da kwalta ke narkewa, wata baƙar mota ta tsaya a ƙofarmu, ta ɗan ja baya, ta gyara, ta sake gyarawa don kar ta tare wa maƙwabta hanya. Yao-ting ya fito cikin baƙar kwat ɗin da ya sa a jana'izar kakansa, hannun ya ɗan gaje masa. Ya shafe gashi baya da mai. Ya cire tabaransa, shi da ba ya ganin yatsunsa in babu su. A kuncinsa ga wani jan layi, daga baya na gane jan bakin ƙanwarsa ne. Bayansa yaran shagon kawunsa biyu, su ma cikin baƙi, ɗaya yana riƙe da kwandon mangwaro.

Ya shigo falo bai yi murmushi ba. Na ga yadda kumatunsa ke rawa don ƙoƙari. Ya nufi inda yake zaton Ama take, ya rusuna ya kama hannun fankar tsaye.

"Ina nan, ɗana," in ji Ama daga ɗaya gefen.

Ya juya ya sumbaci hannunta, ya ce da wata murya da ya aro daga ƙasan ciki, "Na zo ɗaukar abin da yake nawa."

Mama ta toshe baki da tawul. Ama ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, ta ce, "Ka cire takalmi a ƙofa."

"E, Ama."

"Shi ba ya cirewa."

"Ai an goge ƙasan ne, Ama."

Ta girgiza kai cike da tausayi. Ta sa aka kawo masa ruwan sanyi, ta ciro hankici ta goge masa tabon da ya fara narkewa yana gangarowa wuya. Ta ce, "Kai yaron kirki ne. Je ka cire kwat ɗin nan kafin ka suma."

Na raka shi waje ina danne dariya. Muna isa gindin bishiyar ƙofar gida ya ciro tabaransa daga aljihu ya sa, ya kalle ni sosai, sai na daina dariyar.

Ya ce, "Na duba ranar da kika je haikalin. Ranar da na kawo miki miyar kifi da rana ce."

Na sunkuyar da kai.

"Da safe kin roƙi wani, da rana kin sha miyata kin ce ta yi daɗi."

"Yao-ting, bakina ne ya kuɓuce."

"Na sani. Abin da ke ciki ne yake kuɓucewa." Ya goge gumin goshinsa. "Na karanta shi sau biyu ina neman inda muka yi kama da mutumin nan. Ban samu ba. Ina tambayarki abu ne don ina so in ji muryarki kina zaɓa, ban san gajiyar da ke nake ba."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na so ya yi min tsawa, ko ya buga ƙofar mota. Sai ya ce mahaifiyarsa ta ce in ranar da aka tsayar ta wuce ba a yi baiko ba, ita ta gama, ba za ta sake taka gidan da aka fifita mutumin waya a kan ɗanta ba. Ya shiga mota, ya sa bel, ya kunna sigina duk da babu kowa a layin.

Na koma ciki na durƙusa gaban Ama ina kuka na gaske. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce hanya ɗaya ce. A koma wurin Tsohon, in janye roƙona da bakina, in kawo Yao-ting ya gan shi ido da ido. In ya yarda da canjin, ita ma ta yarda.

Muka je ranar Asabar da safe, baiko saura kwana kaɗan. Na sa doguwar riga ruwan hoda mai rufe gwiwa, na ɗaure gashi, ban shafa komai ba don Tsohon ya ga nadama. Ama ta sayi alewa ninki biyu. Yao-ting ya zo a babur ɗinsa cikin rigarsa ruwan toka, ya gaida kowa, bai kalle ni ba. Matan layinmu kuwa sun riga mu isa, wai turare suka zo sawa.

Na durƙusa na ce, "Baba Tsoho, ni ce Wan-ru ta rannan. Abin da na faɗa maka littafi ne ya ɗebe ni. Ga wanda nake nufi a tsaye, mai tabarau. Ka mayar da wancan inda ya fito, ka ba ni wannan."

Na jefa katako. Ɗaya ya faɗi a buɗe. Ɗayan ya yi tsalle, ya gangara, ya juya, ya je gindin teburin hadaya ya tsaya a kan tsininsa. Bai kife ba, bai buɗe ba. Ya tsaya cak kamar an dasa shi.

Wata mata ta saki jakarta. Baba Liao ya taso da gudun da ban san yana da shi ba, yana cewa kar wanda ya motsa, kar wanda ya yi numfashi da ƙarfi. Ya shiga ɗaki ya fito da murfin gilashi ya kife a kan katakon, ya kewaye shi da jan ƙyalle. Ya ce tun da yake aikin nan bai taɓa gani da idonsa ba, wannan babbar alama ce, Tsohon da kansa ya sauko cikin maganar. Wayoyi suka fito. Wani ya fara kiran ɗan uwansa mai aiki a gidan talabijin.

Na ce, "Baba Liao, to e ne ko a'a?"

"Ba a sani ba sai ya faɗi da kansa."

"Yaushe zai faɗi?"

"Na ji wani a kudu ya yi wata biyu a tsaye."

"In ɗauki wasu in sake jefawa?"

Ya kalle ni kamar na ce a rushe haikalin. "Yana tsakiyar magana za ki katse shi?"

Ama ta gyaɗa kai ta ce sai a jira. Mama ta fara lissafi da yatsu, ta ga watan fatalwa zai shigo ya fita katakon yana tsaye, ta zauna a kan benci. Ni kuwa na tsugunna ina kallon ɗan jan itacen nan ta cikin gilashi, aurena gaba ɗaya a kan tsininsa. Har na fara tunanin in yi tari da ƙarfi.

Sai na ga takalmi a goge kusa da gwiwata. Yao-ting ya ce wa matar da ke gabansa ta yi haƙuri, ya tsallake jan ƙyallen, ya ɗaga murfin gilashin da hannu biyu ya ajiye a gefe a hankali don kar ya fashe. Ya ɗauki katakon, ya sa a aljihun rigarsa kusa da biro.

Duk jama'ar haikalin suka zuba masa ido.

Ya rusuna wa Tsohon Wata, ya ce, "Ka gafarce ni." Ya juyo gare ni, fuskarsa fara fat. Ya ce, "An tambayi Ama, an tambayi littafi, an tambayi katako. Ni na gaji." Ya fita. Baba Liao ya bi shi yana ihu da silifa ɗaya, amma babur ya riga ya sha kwana.

Mama ta dafe kai tana cewa mun shiga uku, wa zai ba da 'ya ga wanda ya yi wa Tsohon Wata sata da rana tsaka a gaban jama'a. Matan layi suka kasu biyu nan take. Ama kuwa ta zauna, tana fifita a hankali, idonta a kan ƙofar da ya fita. Ta ce, "Bai ji tsoron na ƙasa ba, bai ji na sama ba." Ta ɗan yi tunani. "Sai dai tsawon bai kai ba."

Na kira shi bai ɗauka ba. Na sake kira. Baba Liao ya dawo yana haki yana cewa sai an yi taron dattawan haikali. Muna nan a haka, rana ta take tsaka, wayata ta yi ƙara a hannuna, saƙon Yao-ting ne.

"Ina ofishin 'yan sanda. Na kawo kaina."

Kafin in rubuta komai wani ya shigo.

"Sun ce in mayar da katakon in tafi gida. Na ce ba zan tafi ba sai an hukunta ni. Sun ba ni shayi. Yanzu sun ce sai wani nawa ya zo ya tafi da ni, na ba da sunanki."

Mama da Ama suka matso, kai ɗaya ta kowace kafaɗa, numfashinsu a wuyana. Saƙo na uku ya shigo.

"Ɗan sandan yana tambaya mece ce ke a wurina. Ya ɗaga biro yana jira. Wan-ru, me zan ce masa?"

Ama ta laluba kan tebur ta ɗauko wasu katakon biyu, ta miƙo min ta ce, "Bari mu tambaya." Ban karɓa ba, wannan amsar daga gare ni za ta fito. Na tsaya da waya a hannu, yatsana a kan allo, mutum kusan talatin suna kallona. A can kuma wayarsa ta riga ta nuna masa cewa na karanta.